Yadda na sayar da Leicar Babanmu a dubu 12 na rungume jabu

Assalamu alaikum. Wannan labarin na daɗe ina jin nauyin faɗarsa, ko matata sai da muka shekara biyu da aure ta ji shi daga bakina, amma tunda yanzu kusan duk sati sai wani ya turo min hoton tsohuwar kyamara yana cewa malam nawa za ta yi, wasu ma har suna kirana gwani, toh gara in faɗi inda gwanintar ta samo asali, don wallahi ba daga wayo ta fara ba.

Babanmu Allah ya jiƙansa mai hoto ne, shagonsa na Fagge, tun kafin a haife ni yake sana'ar. Hoton fasfo, hoton biki da suna, hoton sallah wanda yara ke yin layi da sabon ɗinki kowa na gyara hula. Na taso cikin warin ruwan wankin hoto, akwai wani ɗan ɗaki a bayan shagon mai jan ƙwan fitila wanda in Baba na ciki babu wanda ya isa ya tura ƙofar ko gobara ake. Amma ni ban gaji komai ba a ciki, lokacin da na yi wayo dijital ta shigo, daga baya waya ta zo ta ƙarasa kasuwar, sai na tafi koyon gyaran waya a Farm Centre ina yi wa kayan Baba kallon tarkacen mutanen da.

Ya rasu a 2016. Ya bar Hajiyarmu da amaryarsa da muke ce wa Anti, da mu 'ya'ya 7, biyun ƙarshe na Anti ne, mace mai shekara 6 da namiji wanda ba a daɗe da yaye shi ba. Rabon gado ya ja lokaci saboda maganar gida da wani fili da takardarsa ta ɓata, a wannan tsakanin ne Yaya ya sa aka kawo akwatin ƙarfen Baba ɗakina yace kai ne ka san kayan na'ura, ka ajiye su ka duba mana abin da za su yi.

Kyamara biyar ne a ciki, kowacce a naɗe cikin tsohon rawani. Akwai Yashica Electro 35 wadda ita na fi sani don da ita yake zuwa biki, akwai 'yar ƙarama Olympus Trip 35, akwai wata mai nauyi FED 5 wadda Baffa ƙanin Baba ya kawo masa tsaraba da ya gama karatun likita a Kharkov zamanin Tarayyar Sobiyet. Sai guda biyu masu kama da juna kamar Hassan da Husaini, ƙanana, gefensu a zagaye, duk an rubuta Leica a samansu, sunan wata kyamarar Jamus mai tsada. Ɗaya fara ce ta dushe, duk ƙarce, baƙar fatar jikinta ta ɓantare a wurare biyu. Ɗayar kuwa, kai jama'a, launin gwal ce tana ɗaukar ido, an naɗe ta da wata fata mai kama da ta maciji, ga hoton mikiya ga rubutu Berlin 1936. Ita ma Baffa ne ya kawo ta da ya koma Mosko wani taro wajen ƙarshen shekarun 1990, a kasuwar Izmailovo ya saya, kuma kowa a gidanmu ya san labarinta wai ta wani hafsan Jamus ce ta zamanin Hitila. Muna yara in mun taɓa ta sai Hajiya ta daka mana tsawa.

Farkon 2017 kuɗin hayar shago ya taso min, mai shago kullum yana bakin ƙofa, ga wayar wani kwastoma da na ƙona bodi dole in biya. Wani abokina yace akwai wani dillali da ke sayen tsofaffin kaya, agogo, tsohon kuɗi, rediyo, yana turawa Legas. Na ɗauki hotunan kyamarorin a waya na tura masa, amma ban tura ta gwal ba, wai ni mai wayo, wai ita ce dukiyar ba zan taɓa ta ba, sauran tarkace ne ko an rasa ɗaya babu wanda zai lura. Ranar da ya zo ya yi ta juya Yashica kamar ita yake so, can sai ya ɗauki farar nan kamar bai damu ba, ya murɗe lensin ya cire, ya sa ɗan yatsa a ciki ya taɓa wani abu, ya haska gilashin da tocilan waya ya daɗe yana kallo. Sai ya yatsine fuska yace wannan ai ta mutu, ka ga ko bayanta ba ya buɗewa, sai dai a cire sassa. Na gwada da kaina kuwa bayan bai buɗu ba. Ya taya dubu 8 nace albarka, muka tsaya a 12 na sallama da bakina. Na ce wa zuciyata aro ne, in kasuwa ta buɗe zan mayar cikin lissafi.

Bayan wata biyar malamin da zai raba gadon yace komai sai an yi masa kuɗi, har tabarma. Na ɗauki ta gwal ɗin cikin jaka ina tafe ina waige kamar na ɗauko miliyoyi, na nufi Sabon Gari wajen wani dattijo Bayarabe abokin Baba, mai gyaran agogo da kyamara, haifaffen Kano ne Hausarsa ta fi tawa. Baba mai gyara muke ce masa. Na durƙusa na gaishe shi ya yi min ta'aziyya karo na biyu, na kwance rawanin na miƙa masa. Ko karɓa bai gama yi ba ya fara dariya har da tari, yace yaro wannan 'yar Rashan har yanzu tana nan?

Nace Baba ta Jamus ce fa, ga sunan nan. Yace zauna.

Abin da ya fara koya min ma ba maganar jabu bace, yace tukunna ka san me ya sa ake ce wa irin waɗannan renjifainda, wato mai awon nisa? Ya sa na miƙe babban yatsana na rufe ido ɗaya, na buɗe na rufe ɗayan, yatsan ya yi tsalle gefe. Yace to haka take aiki, tagogi biyu ne a gaba da ɗan rata tsakaninsu, kowacce na ganin abu daga nata ɓangaren, madubi a ciki yana ɗora hoton ɗaya a kan ɗaya. Ya ce in leƙa in kalli agogon bango, na ga agogon ya zama biyu, yace murɗa lensin a hankali, ina murɗawa biyun nan suna matsowa har suka haɗe suka zama ɗaya. Yace yanzu hotonka zai fita garau. Shekarata 29 a lokacin, ɗan mai hoto, ranar na fara sanin wannan.

Sannan ya murɗe lensin ya cire kamar yadda dillalin nan ya yi, gabana ya faɗi tun a nan. Ya nuna min wani ɗan hannu na ƙarfe a ciki ta sama, shi ne lensi ke turawa ya motsa madubin. Yace a Leica ta gaske bakin hannun nan 'yar taya ce zagayayya mai juyawa, in ka sa yatsa za ka ji tana mirginawa, a FED da Zorki, kyamarorin Sobiyet, kuwa ƙarfe ne kawai mai kamar bakin gatari ba ya juyawa. Na sa yatsa, gatari ne. Ya nuna min maɓallin ɗaukar hoto, akwai rami mai zare a tsakiyarsa, yace Leica ta wancan zamanin ba ta da wannan ramin. Gwal ɗin ma yace ba gwal bane ko ruwansa babu, farin fentin ƙarfen aka kankare aka goge tagullar da ke ƙasa ta yi sheƙi, shinshina hannunka, na shinshina kuwa warin tsohon kwabo. A lungunan har ta fara yin kore ban taɓa lura ba. Ya ciro wani tsohon ɗan littafi da ya sha selotef mai jerin lambobin Leica, don kamfanin Ernst Leitz na garin Wetzlar kowace kyamara da lambarta kuma an san wace lamba ce ta wace shekara da wane samfuri, muka duba lambar da ke kan ta gwal, ta faɗa kan wani samfuri daban wanda ko kama ba sa yi. Yace masu ruwan gwal na gaske da kamfanin ya yi wajen 1930 ba su kai 100 ba a duniya, na sojojin Jamus kuma fari ne ko toka-toka, wane soja ne zai je yaƙi da abu mai walƙiya. Sai ya ba ni in ɗana ta, wato in murɗa maɓallin da ke jan fim ya shirya ta ɗaukar hoto, na murɗa, tana ƙarar kamar ana niƙa tsakuwa. Yace ka tuna yadda ɗayar take, kamar man shanu?

Kafin in ce komai ya ɗora, ita FED ɗin ba abin rainawa bace, tun 1934 suka fara kwaikwayon Leica II wadda ta fito a 1932, a garin Kharkov, garin da Baffanku ya yi karatu, kuma ka san su waye suka fara ƙera ta? Marayu ne da yaran titi da aka tara a wani gidan horo, sunan ma harufan sunan Felix Dzerzhinsky ne wanda aka sa wa gidan. Bayan yaƙin duniya na biyu a 1948 wata masana'anta a Krasnogorsk kusa da Mosko ta fara yin Zorki, duk jiki ɗaya. Da Sobiyet ta rushe mutane na neman abin kai wa baki, ga waɗannan kyamarori jibge a gidaje, sai masu dabara suka riƙa goge sunan suna zana Leica suna sayar wa baƙi. Ni dai kalmar marayu kawai ta tsaya min a wuya.

Yace satin da Baffanku ya kawo ta mahaifinka ya zo nan da ita, a kan bencin da kake zaune muka yi dariyarmu, shi ma kallo ɗaya ya yi mata ya gane. Amma yace ƙanina ya ɗauko min abu tun daga Mosko da kuɗin guzurinsa, kada ka kuskura ya ji. Shi ya sa ya fi naɗe ta da kyau. Toh ina ɗayar, ita ya kamata ka kawo min.

Wallahi ban san lokacin da gumi ya jiƙa min riga ba. Na so in ce tana gida, bakina ya ƙi. Na ciro waya na nuna masa hotunan da na tura wa dillali, na faɗa masa komai. Bai yi faɗa ba, da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Ya sa tabarau ya ja hoton ya ƙara girma yana nuna min da farce, ka ga wannan ɗan maɓallin murɗawa a gaba, na saita jinkirin labulen da ke buɗewa haske ya shiga kan fim ne, Leica III zuwa sama ke da shi. Ka ga waɗannan jajayen lambobi a ƙarƙashin na sama, na haɗa fitilar filas ne, wannan IIIf ce, an fara ta a 1950, masu jan lamba daga 1952. Lambarta ta fara da 6, ya buɗe littafin nan ta zauna daram. Bayan da kace ba ya buɗewa, dama ba a yi shi don ya buɗe ba, ta ƙasa ake zura mata fim, sai an yanke harshen fim ɗin ya yi tsawo tukunna. Wanda ya saya ya sani sarai. Sai ya kai kan lensin ya yi shiru, yace Summicron ce, wani samfurin lensin Leica mai shigewa ciki, ta 1953 zuwa sama, gilashin gabanta laushi gare shi duk wanda ya saba gogewa da bakin riga ya gama da shi, mahaifinka kuwa ko hura mata iska da baki ba ya yi, ni nake mata sabis tun 1976 da ya saye ta wajen wani Bature injiniyan masaƙa a Bompai da zai koma gida, wata uku yana biya. Bai taɓa zuwa aikin kuɗi da ita ba. Hoton Hajiyarku tana amarya da ita ya ɗauka, hoton ranar sunanka ma.

Daren nan ban runtsa ba. Na shiga eBay, shafin saye da sayarwa na intanet, ina duba farashi, da farko na ga wasu sun sa dala dubbai na ƙara rikicewa, washegari jikan Baba mai gyara ya nuna min yadda ake tace waɗanda aka riga aka sayar, don kuɗin da mutum ya sa wa kayansa daban, kuɗin da aka biya daban, kamar dai ragon layya ne, mai shi zai ce dubu 500 amma ka tsaya ka ga nawa aka sallama. A lokacin jikin IIIf mai lafiya yana tafiya dala 300 zuwa 400, lensin in gilashinsa tsaf ne ya fi jikin tsada. Muka haɗa muka tsaya wajen dala 900, dala kuma lokacin tana 360 da ɗoriya a kasuwar bayan fage. Sama da dubu 300 kenan na sayar a dubu 12. Na kira dillalin yace ai tuni ta tafi Legas kuma ciniki ya faɗa, daga nan bai ƙara ɗaga wayata ba. Na yi ta tsine masa kwana biyu, daga baya na ga ai bai sa min wuƙa ba, ni na fito da kayan da ba nawa ni kaɗai ba na sayar a ɓoye.

Abin da ya fi cina shi ne yaran Anti. Duk wanda ya yi Islamiyya ya san ayar nan ta 10 a Suratun Nisa'i kan masu cin dukiyar marayu, na sha karanta ta ban taɓa zaton da ni take ba. Shaiɗan ya kawo min shawara mai kyan gani, wai babu wanda ya ƙirga kyamarorin, in ce huɗu ne, ko in mayar da dubu 12 shikenan. Sati guda ina wannan kokawar, kullum in na shiga gida ƙaramin ya rugo ya riƙe min ƙafa yana Yaya Yaya.

Yaya na fara gaya wa. Ya kalle ni yace amma kai dai anyi sakarai, ya tashi ya bar min ɗakin. Hajiya kuka ta yi, ba don kuɗin ba, tace ita ce wadda yake cewa in ya mutu a ba wanda ya gaji sana'ar. Anti tace Allah ya kyauta, ni dai a rubuta na yarana. Malam kuwa bai ɓata lokaci ba yace ba dubu 12 za a rubuta ba, ƙimarta ta gaskiya za a sa a cikin dukiya, dubu 320, a ɗauka ka riga ka karɓi wannan daga kasonka. Haka aka yi da aka sayar da filin. Kuɗin da na ci burin in sayi injin cire sikirin da shi in kama shago nawa na kaina haka ya tafi, sai da na ƙara shekara biyu ina rakuɓe a teburin wani. Sauran huɗun Baba mai gyara ya yi musu kuɗi babu wadda ta wuce dubu 20, ta gwal ɗin ma dubu 15 ya sa mata yace akwai masu sayen irinsu don ado sun san jabu ce. Na ce a sa min duka a kasona. Muka yi shawara da Yaya da Hajiya cewa Baffa ba zai ji ba, tunda mai kayan ma ya rufe.

Daga nan ne duk Asabar na koma zama a shagon dattijon nan, da farko don kunya ce ta hana ni zaman majalisa, daga baya abin ya shiga raina. Hannun mai gyaran waya dama ya saba da ƙananan sukurori. Shekara huɗu na yi a gabansa kafin 'ya'yansa su zo su tafi da shi Ogbomosho, ya bar min littafin lambobin nan da wasu 'yan sukundireba.

Yanzu in aka kawo min kyamara abin da nake fara gaya wa mutum shi ne tsufa ba shi ne tsada ba, kuma nan ne ake ɓata da ni. Tun da labari ya bazu a 2022 cewa an yi gwanjon wata Leica a kan yuro miliyan 14.4 kowa ya tono akwatin kakansa yana lissafin Hajji da gida a Nasarawa. Waccan ɗin ta gwaji ce ta 1923, guda 20 da 'yan kai aka yi, kuma ita wannan ta Oskar Barnack ce da kansa mutumin da ya ƙirƙiro Leica. Taka da ke cikin akwati fa? Zorki 4 an yi sama da miliyan 1.7 daga 1956 zuwa 1973. Canonet QL17 GIII ta Canon da ta fito a 1972 ta haura miliyan 1. Yashica Electro 35 tun 1966 ake buga ta, miliyoyi, shi ya sa kusan duk gidan da aka yi alhaji ko ma'aikacin gwamnati a shekarun 1970 za ka same ta. Kyamarori ne masu kyau wallahi, Canonet ɗin nan hotonta sai ka rantse, amma kuɗinsu na dala gomomi ne zuwa ɗari da wani abu in suna da lafiya. Wasu ma ba renjifainda bane sam, Trip 35 ɗin Baba hoton mutum ɗaya, mutum biyu, taro da dutse ne a jikin lensin kai za ka kintaci nisan, Zenit kuma da ake yawan kawo min wani gida ce daban, ta cikin lensi ake leƙa ta.

Lafiyar ita ce rabin kuɗin, kuma ƙasarmu tana da nata ciwon. Kayan da suka zauna a Legas ko Fatakwal funfuna ke cinsu, in ka haska lensin da toci ta baya za ka ga kamar saƙar gizo-gizo a cikin gilashi, in ta daɗe tana cin gilashin ne babu gyara. Namu na arewa sun tsira daga wannan, sai dai ƙurar hunturu da zafi, man ciki ya bushe ya zama kamar ƙaro, soson da ke tare haske a bakin murfin na Japan ya narke ya koma kwalta, wannan mai sauƙi ne ana canzawa. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne rana. Leica da FED da Zorki labulensu na ƙyalle ne, kuma babu madubi tsakaninsa da lensi, in ka ajiye ta tana kallon ranar Kano babu murfi, lensin zai tattara hasken kamar yadda muke ƙona takarda da gilashi muna yara, kafin ka sha ruwa ya huda labulen. Sai ka shiga duhu ka haska ka ga ɗigo-ɗigon haske kamar taurari. Ita kuma tagar awon nisa ina leƙawa in ga ko hoto na biyun yana fitowa sosai ko ya dushe, sannan in saita lensi a nesa ƙarshe in kalli hasumiyar masallaci ko eriyar waya mai nisa, in biyun ba su haɗe ba saitin ya goce.

Yashica na da wata yaudara da ta sha cin mutane. Ko babu batir in ka danna za ta yi ƙara, mai sayarwa yace ka ji tana aiki, alhali a gudu ɗaya kawai take bugawa, 1/500 na daƙiƙa. Batirinta na asali mai sinadarin makuri ne an daina yi, sai dai a sa na bolt 6 da ɗan ciko, sannan ka ga ko 'yan fitilun nan ja da ruwan ɗorawa na kamawa. In kana ɗana ta kuma ka kasa kunne, mai lafiya tana yin wani ƙwas a farkon murɗawa, in babu to wani ɗan roba a ciki ya narke sai an buɗe ta. Ku buɗe gidan batir ma ku duba, da yawa an bar batir a ciki shekara 30 ya zubar da ruwa ya cinye waya. Na Rasha kuma dan Allah kada a murɗa maɓallin gudu sai an ɗana tukunna, musamman Zorki 4, da idona na ga wani ya karya ta gidansu a gabana yana nuna min wai tana aiki.

Sai masu gyara kaya kafin su kawo. Wani bawan Allah ya kawo min Canon P ta 1959 wadda da ya bar ta yadda take da ta yi kuɗi mai kyau, amma ya ji ance baƙaƙe sun fi tsada sai ya kai wa mai fentin babur ya fesa mata baƙi har kan lambar. Gaskiya ne baƙin fenti na asali daga kamfani yana ninka kuɗi a Leica da Canon da Nikon don kaɗan aka yi, shi ya sa ma ake yin jabunsa, amma masu saye sun fi son ƙarcen shekaru a kan sabon fenti. In akwai kwalinta, jakar fata, murfin lensi, rasit, ko da sun yage kada a yar. Kuma in kayan gado ne ba na ba da farashi sai na tambaya ko sauran magada sun san an fito da ita, wasu na jin haushin tambayar, wani ma ya taɓa ce min ina ruwanka, nace da ruwana.

Ta gwal ɗin tana nan a shagona cikin gilashi, duk wanda ya zo koyo da ita nake fara masa, in cire lensi in ce sa yatsa. Na wanke ta na sa mata mai, ƙarar tsakuwar ta ragu. Sallar da ta wuce Baffa ya biyo ta shagon, ya tsufa yanzu da sanda yake tafiya, ya hango ta ya tsaya yana murmushi yace ashe kai ka ɗauke ta, ka kyauta, ka riƙe ta da kyau irin wannan aikin sai Jamus. Nace toh Baffa in sha Allah. Yace tana ɗauka kuwa har yanzu? Akwai fim ɗin da na yi oda daga Legas, na yanke harshensa na zura ta ƙasa, na zaunar da shi a bakin shago inda inuwa take, na leƙa, Baffa biyu, na murɗa har suka zama ɗaya na danna. Wata guda kafin a wanko a turo min. Cikin 36 guda 9 sun ƙone da ɗigon haske ashe akwai hudar da ban gani ba a labulen, amma nasa ya fita tas har zaren hularsa ana gani. Na sa a firem na kai masa, yana falonsa yanzu a saman talabijin, duk baƙon da ya zo sai ya nuna masa yace da kyamarar Jamus ta 1936 aka ɗauka.